Rumman ɗin Ɗa'ifa da ma'aikatan da ke cikin hanjinmu

Assalamu alaikum iyayena, 'yan'uwana mazauna Jidda. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku na zo da su a kan wani sinadari da ake kira yurolitin A, wanda yanzu ake sayarwa a kwalba ana cewa yana rage wahalar tsufa.

Na farko, daga ina yake? Daga rumman. Rumman ɗin nan da Allah ya ambata sau uku a Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman, wanda muke haurawa Ɗa'ifa mu sayo idan kakarsa ta zo. Amma ku saurara da kyau, nan ne abin da ya fi burge ni. Ko ka matse rumman buhu guda, ba za ka samu yurolitin a ciki ba. Babu shi! Abin da ke ciki sunansa elajitanin, shi ne mai baurin nan da ke kama harshe. Sai ka ci, ya gangara hanji, sannan wasu ƙananan halittu, bakteriya masu amfani, su karɓe shi su sarrafa. Su ne masu girkin. Kai cefane kawai ka kai musu. Kuma ba kowa ke da waɗannan masu girkin ba. An ba mutane ruwan rumman a Amurka aka auna jininsu, kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai jikinsu ya samar da shi sosai. Wato ni da Alhaji mu raba rumman ɗaya, shi ya samu, ni in tashi da zaƙin kawai. Alhaji yana dariya, ya ɗauka shi ne mai rabon. Allah ya sa! Ikon Allah ke nan, bayin da ba ka taɓa gani ba suna maka aiki dare da rana a cikinka, ba albashi, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ni duk ranar da na tuna wannan sai na yi tasbihi.

Na biyu, aikinsa. A cikin kowace tsoka akwai wasu 'yan injina masu ba da ƙarfi, mitokondiriya. Idan shekaru suka ja, lalatattun sai su taru kamar tsofaffin janareto a bayan gida. Yurolitin yana zaburar da jiki ya kwashe su, sababbi su samu wuri.

Na uku, bincike. A 2016 masana a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka gwada shi a kan wata tsutsa da ba ta wuce milimita ɗaya ba, kwananta ya ƙaru da kusan kashi 45 cikin 100. Tsutsar mako biyu zuwa uku take yi a duniya, ku riƙe wannan. Tsofaffin ɓeraye kuma suka ƙara juriyar gudu. A mutane, a 2022 an ba dattawa 66 masu shekara 65 zuwa 90, wasu miligiram 1000 kullum har wata huɗu, wasu ƙwayar da ba komai ciki. Tsokar masu sha ta fi jure aiki, amma a gwajin tafiyar minti shida bambancin bai taka kara ya karya ba. Maganar ƙarin kwana a tsutsa aka gani, kada mai talla ya jingina ta ga ɗan Adam ya karɓe muku riyal.

Na'am Hajiya? Ɗaga murya kaɗan. Tana tambaya a kan ɓawon rumman da mata ke shanyawa su dafa don ciwon ciki. Hajiya, kin taɓo inda ake so. Yawancin elajitanin ɗin a ɓawon yake da farin abin nan na ciki da muke zubarwa, shi ya sa ya fi 'ya'yan bauri nesa ba kusa ba. Iyayenmu ba su san sunan ba, amma hannunsu ya kai wurin. Sai dai ke kin ce kina da suga, kina kan magani. Ki ci 'ya'yan da ƙwallonsu maimakon ruwan kwalba mai zaƙi, ruwan ɓawon kuma ki faɗa wa likitanki kafin ki mai da shi na kullum. Ga ladan ya fara, sauran tambayoyin bayan Isha'i.