Kowa da abin da ke tada shi: lacca kan halayen mutane da son juya jama'a

Wannan laccar wani Malam ne ya yi ta a taron matasa na unguwarmu nan cikin birnin Katsina, bayan La'asar. A waya na ɗauka na zauna na rubuto, na cire gaishe-gaishen farko saboda tsawo.

Toh, bayan gaisuwa ga iyayena da ke nan sahun gaba da malamaina, da iyaye mata da ke can ta baya, bari in fara da abin da kowa ya sani a wurin nan. Bara da kuka tashi gyaran magudanar ruwa kafin damina, ku tuna yadda mitin ɗin farko ya kasance. Akwai wanda tun ba a gama addu'ar buɗewa ba ya fara rabon aiki, wane kai za ka riƙe kuɗi, wane ka nemo tifa, shi in ba a yi yadda ya ce ba ji yake kamar ya tashi ya bar wurin. Akwai wanda shi ya cika wurin da raha, shi ya kira kowa a waya, ya buɗe guruf a WhatsApp, amma ranar aiki sai da aka aika yaro ya taso shi. Akwai wanda bai ce uffan ba sai can ƙarshe ya ciro takarda ya ce lissafin simintin nan bai yi ba, buhu kaza zai rage, kuma da aka duba gaskiyarshi. Sannan ga wanda shi bai kawo shawara ko ɗaya ba, amma da rigima ta tashi kan kuɗi shi ya bi mutum biyun gida-gida da dare har suka shirya. Duka huɗun nan fa aikin suke so. Abin da ke tada kowanensu daga kan tabarma ne ba ɗaya ba.

Wannan lura ba yau aka fara ta ba. Likitocin Girka na da, wanda Larabawa ke kira Abuƙirat tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, da Jalinusu da ya zo bayanshi a ƙarni na 2, sun ce jikin ɗan Adam ruwa huɗu ke gudana cikinshi, wanda ya rinjaya shi ke fito da hali. Ibnu Sina ya kawo wannan cikin littafinshi na likitanci, Alƙanun, kuma ta nan ya iso ma malamanmu na zaure, shi ya sa za ka ji tsoho na cewa wane jini ya yi mashi yawa, wane mai safara'u ne. Mai jini shi ne mai fara'a da son mutane, mai safara'u zafi da bushewa, ga saurin fushi ga son gaba, mai sauda'u yawan tunani da bin diddiƙi, mai balgamu kuma sanyi, ba ya gaggawa ba ya son tashin hankali. Likitancin zamani ya aje maganar ruwayen nan, ba su ke kawo hali ba, kada wani ya fita ya ce na ce a je a yi ƙaho don a rage son mulki. Amma dai mutanen da suka siffanta suna nan, yanzu na nuna maku su a mitin ɗinku.

Kuma abin tun daga zanin goyo yake farawa. Wani masani a jami'ar Harvard ta Amurka, Jerome Kagan, ya gwada jarirai 'yan wata 4, wajen su 500, ana kaɗa masu abin wasa mai launi a gaban ido, ana sa masu muryar da ba su sani ba. Kusan 20 cikin 100 sai su ɗau kuka suna harbe-harbe da ƙafa suna banƙarewa, wajen 40 cikin 100 kuma ko a jikinsu. Da aka bi su suna girma, masu firgitan nan da yawansu sun tashi da kunya da ɗari-ɗari da baƙo, amma ba duka ba, reno ya sauya wasu. Iyaye mata da ke baya ai kun riga shi sani, mace za ta ce maka wannan tun yana ciki na san rigimamme ne. Mu ma muna da hadisin da Tirmizi da Abu Dawuda suka ruwaito cewa an halicci Annabi Adamu daga damƙar ƙasa da aka ɗebo ko'ina a doron duniya, shi ya sa 'ya'yanshi suka zo akwai mai sauƙi akwai mai tauri.

Yanzu in zo inda na fi son mu daɗe. Wani masanin shi ma na Harvard, David McClelland, wanda ya fitar da babban littafinshi a 1961, shi tambayarshi ita ce mi mutum ke yunwa. Sai ya nuna ma mutum hoto, ka ce mutum biyu zaune a ofis, ya ce ƙirƙiro mani labari a kai. To abin da ke zuciyarka shi za ka zuba cikin labarin ba ka sani ba. Ya ce yunwar uku ce. Wani yunwarshi ya ga aiki ya fito daga hannunshi da kyau, kamar telan da zai warware ɗinki tsakar dare saboda layi ɗaya ya karkace alhali mai kayan ba zai ma lura ba. Wani yunwarshi a so shi a zauna lafiya da shi. Wani kuma yunwarshi maganarshi ta yi tasiri, ya faɗa a yi, ya juya mutane. Kowa na da ukun, sai dai ɗaya ta fi ƙarfi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne binciken da ya wallafa a 1976 shi da wani abokin aikinshi kan manajojin kamfani. Mu da mun ɗauka gwanin aiki shi ya dace da shugabanci, ashe sau da yawa gwani ba ya iya sakin aiki ga wani, komi sai ya yi da kanshi, na ƙasa da shi su zauna suna kallo. Mai son a so shi kuma ba ya iya cewa a'a, yau ya ɗaga ma wane ƙafa gobe ya ɗaga ma wane, sai doka ta lalace, kuma waɗanda ba a ɗaga mawa ba su ji an zalunce su. Wanda ya fi riƙe jama'a shi ne mai son tasirin nan, amma da sharaɗi, ya zama yana da linzami a bakinshi kuma don jama'ar yake so ba don kanshi ba. Ya raba su biyu ƙarara: mai son a ce shi ne, da mai son abin ya yiwu ko da sunan wani za a kira.

To ku dubi yadda addininmu ya riga ya tsaga wannan gashin. Abu Zarri, Allah Ya ƙara mashi yarda, ya ce ma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ka ba ni wani muƙami ba? Ya dafa kafaɗarshi ya ce kai mai rauni ne, ita kuma amana ce. Yana cikin Muslim. Abu Zarri fa, wanda aka yi ma shaidar gaskiyar harshe, ba imaninshi aka taɓa ba, ɗabi'arshi aka duba. Amma Annabi Yusufu da bakinshi ya ce ma sarkin Masar ka sa ni kan taskokin ƙasa, ni mai tsarewa ne masani, aya ta 55 cikin surarshi, saboda yunwa na tafe kuma ya san zai iya. Don haka ni ban yarda da masu cewa duk yaron da ke son gaba mara tarbiyya ba ne. Wallahi muna kashe yara da yawa da wannan maganar. A tambaye shi dai, in ka samu mi za ka yi da shi, kuma wa zai amfana.

Zan faɗa maku kuskuren da na yi da kaina, har yau yana damuna. Ina koyarwa a wata sakandare, na naɗa monita, na zaɓi yaron da ya fi kowa murya da tsayi saboda in ya daka tsawa aji na yin tsit. Sati uku ba a yi ba takardar masu surutu ta zama makami, wanda ya ba shi ƙosai ba ya shiga, wanda suka yi faɗa a ƙwallo shi ne na farko, ni kuma ina ta bulala bisa takardar ban bincika ba. Akwai wani yaro siriri a layin baya kusa da taga, hularshi duk ta koɗe, ban taɓa jin muryarshi ba sai in na kira rajista. Ran nan na dawo ɗaukar alli bayan an tashi, na iske yara goma sha wani abu sun kewaye shi yana yi masu lissafi a bayan kwalin sabulu, a hankali, in mutum bai gane ba ya sake. Har shi monitan na tsugune cikinsu. Ashe ajin nan wannan yaron ke juya shi, in ya ce gobe a zo da wuri za a zo, ni ina can ina neman shugaba wajen mai tsawa. Yaran da na buga bisa ƙarya na nemi gafarar waɗanda na samu, wasu ban sake ganinsu ba.

Mu Katsinawa bai kamata shiru ya ruɗe mu ba. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin kimiyya ne, ba mai hayaniya ba, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, da ya hau shugaban ƙasa ya bayyana kadarorinshi a fili, a 2009 ya yi afuwar da ta sa tsagerun Neja Delta suka aje makamai. Kowa na da ra'ayinshi kan siyasa, ba ita na zo yi ba, misalin hali kawai na kawo.

Saboda haka in za ku sake zaɓen shugabannin ƙungiya, mai zafin nan ku ba shi wurin da ake buƙatar turawa, zuwa sakatariya bin takarda, amma kada ku haɗa mashi da akwatin kuɗi, kuma ku aje mashi wanda yake jin nauyi. Mai raha a ba shi gayya da tara jama'a, kuma a yaba mashi a gaban mutane, shi man da ke tuƙa shi ke nan. Mai takarda kada ku tsare shi da tambaya cikin taro, ku ba shi kwana biyu ya rubuto.

Nan wata Hajiya daga baya ta aiko da tambaya, ta ce tana da ɗiya biyu maza, babban shiru-shiru ne har ubanshi na ce mashi sakarai, ƙaramin kuma shi ke aiken yayan nashi, ya za ta yi?

Malam ya ce: Hajiya, Allah Ya raya maki su. Ki roƙi maigidan cikin ladabi ya bar kiran yaron nan da wannan sunan, don yaro mai zurfin ciki ba ya mantuwa, zai kai shekara arba'in da kalmar a ƙirjinshi. Ki lura da abin da yake yi in ba kowa, ƙila gyaran rediyo ne ko kiwon tantabaru, ki ba shi amanar abu guda a gidan wanda shi kaɗai ke da magana a kai, ko da lissafin cefane ne. Shi kuma ƙaramin kada ki danne shi, ki ba shi ƙannenshi ya kai su Islamiyya ya dawo da su, in ɗaya ya yi kuka a hanya shi za ki tambaya. Amma aiken yayanshi kam ki hana, ranar da ya sake ki sa shi ya je da ƙafarshi. Na ji an fara kiran Magariba, sauran takardun tambayar a ba ni in tafi da su, sati mai zuwa in Allah Ya kai mu sai mu fara da su.