Haƙa mashigin ruwa bai wanke Sarki Yang ba

Jama'a masu sauraro, tun da aka gano kabarin Sarki Yang na daular Sui a birnin Yangzhou a shekarar 2013, kuma hukumar UNESCO ta sanya babban mashigin ruwan ƙasar Sin cikin kayan tarihin duniya a 2014, ake ta samun masu ƙoƙarin wanke wannan sarki. Hujjarsu ita ce daular Tang da ta gaje shi ce ta rubuta tarihinsa, don haka ta shafa masa kashin kaji. Mun ji, an yi ƙarin gishiri. Amma marubutan Tang ba su ne suka tura talakawa Koriya ba.

Mahaifinsa, Sarki Wen, ya haɗe kan ƙasar a 589, ya bar masa rumbuna cike da hatsi. Yang ya hau gadon mulki a 604, nan da nan ya sa aka sake gina birnin Luoyang, aka kuma tilasta wa manoma barin gonakinsu domin haƙa mashigin da ya haɗa kogin Huang He da na Yangtze. Aikin ya yi amfani, ba mu musa ba. Abin da ya kashe daular shi ne mutumin ba ya jin kira.

A 612 ya kai wa masarautar Goguryeo ta Koriya yaƙi, aka yi wa rundunarsa kaca-kaca a kogin Salsu. Bai ji ba. Ya koma a 613, sai da tawayen wani babban bafadensa, Yang Xuangan, ya juyo da shi gida. Bai ji ba, ya sake komawa a 614, alhali ƙauyuka sun cika da 'yan tawayen da yunwa da aikin tilas suka haifar. A 616, ƙasa na ci da wuta, ya tattara fadarsa ya nufi birnin Jiangdu (Yangzhou na yanzu) a kudu, kuma wasu fadawan da suka roƙe shi kada ya tafi, kashe su aka yi. Wane irin shugaba ne ke kashe mai faɗa masa gaskiya a irin wannan lokaci?

A can ne a 618 dogaransa, 'yan arewa da suka gaji da zaman nesa da iyalansu, suka bi wani kwamandansu, Yuwen Huaji, suka shaƙe sarkin. A shekarar nan wani hakiminsa, Li Yuan, ya kafa daular Tang, kuma ita ce ta ci moriyar mashigin kusan shekara 300.