Darasi: Yadda ake gwada leza a kan kansar baki tun tana ƙarama

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗan taɓa cikin kumatunku da harshe. Wannan fata mai laushi da danshi da kuka ji, ita ce ta lulluɓe baki har maƙogwaro, kuma a kanta yawancin kansar baki ke fara tsiro kafin ta yi saiwa. Abin da masu bincike ke nema shi ne hanyar kawar da ita a wannan mataki, naman da ke ƙarƙashinta kuwa ya tsira lafiya.

Ba a fara irin wannan gwaji da mutum. Kun san gafiya da jakar kumatunta, wadda ake ce wa "tsira da na bakinki". To, akwai wata 'yar dabba mai irin wannan jaka, hamsta, asalinta ƙasar Siriya. A 1954 wani mai bincike, Salley, ya nuna cewa in ana shafa mata sinadarin DMBA a jakar, kansa takan fito. Sau uku ake shafawa a mako. Da farko wurin ya yi kauri, ya yi fari-fari, sannan ƙananan tsiro su ɓullo, zuwa wata uku ko huɗu ta zama kansa sosai. Amfanin jakar shi ne, in an sa dabbar barci, sai a zaro ta waje kamar aljihun riga, a shimfiɗa, a ga kowace jijiyar jini da ido.

Leza, wato haske mai ƙarfi da aka tattara a siririn layi ɗaya, iri biyu za mu duba. Ta farko ita ce ta iskar CO2, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964. Ruwan da ke cikin nama ne ke shanye haskenta, sai wurin ya ƙone ya tashi kamar tururi. Likita Jako na Boston ya gwada ta a kan igiyoyin muryar karnuka, ya wallafa sakamakon a 1972. Tana yanka da kyau, amma in aka zurfafa takan bar tabo, tabo a igiyar murya kuwa dushewar murya ke nan.

Ta biyun ita ta fi burge ni. Leza ce da ake kira KTP, mai koren haske, nanomita 532 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), da 'yar'uwarta mai nanomita 585. Jan sinadarin jini ne ke shanye haskensu. Kansa ba ta girma sai ta jawo wa kanta sababbin jijiyoyin jini, to su ake toshewa, a bar ta da yunwa. A jakar hamsta za ka ga jijiyar da take ja ta koma fari nan take.

Bayan nan sai jira na makonni, a yanko naman a duba a madubin likita. Amma a kula: sinadarin DMBA ya taɓa jakar gaba ɗaya, don haka in sabon tsiro ya fito, dole a tantance ko tsohon ne ya dawo ko wani ne daban. Yadda ake wannan tantancewa shi ne darasinmu na mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.