Hawan jini: me muka gada, me muka ƙara da hannunmu?

(An rubuto daga faifan laccar da wani likita ɗan gari ya gabatar a Mai Wurno, jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, bayan sallar la'asar.)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, yayye da ƙanne, Allah ya saka da alheri da kuka fito duk da wannan zafi.

Akwai maganar da nake yawan ji a ɗakin duba marasa lafiya. In na ce wa mutum, "Baba, jininka ya hau," sai ya ce, "Ai likita, namu na gida ne, gado ne." Daga nan ya naɗe takardar magani ya sa a aljihu, ba zan sake ganinsa ba sai an kawo shi a kwance. Wannan magana ita ta kawo ni nan.

Gaskiya ne ana gadonsa. Masana sun kiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na bambancin awon jini tsakanin mutane daga gado yake. Amma ba ƙwayar halitta guda ba ce uba yake miƙa wa ɗa kamar gona. A 2018 an yi bincike a kan mutum sama da miliyan ɗaya, aka gano sababbin wurare 535 a cikin ƙwayoyin halitta masu taɓa awon jini, kowanne ɗan kaɗan yake ƙarawa. Kamar auna dawa ne da tafin hannu: tafi ɗaya ba komai, amma in suka taru buhu ya cika.

Ga wanda ya fi shafarmu. Kakanninmu da suka taso daga yamma bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 ba harshe da Alƙur'ani kaɗai suka riƙo ba, har da jininsu. A 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar halittar da ake kira APOL1, wanda aka fi samu a mutanen Afirka ta Yamma. Yana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, sai dai wanda ya gaje shi ta uwa da ta uba, ƙodarsa ta fi saurin lalacewa. Ba kowa ke ɗauke da shi ba. Amma in a gidanku an taɓa yi wa wani wankin ƙoda, don Allah ku sa a duba fitsarinku tare da awon jinin.

Tsawon rai fa? Ajali na Allah ne, ba mai ja. Ta fuskar sababi kuwa, an bi tagwaye 'yan Denmark da aka haifa tsakanin 1870 da 1900, aka tarar gado bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin shekarunsu ba. Don haka mai cewa "kakata ta haura casa'in" ya tuna kakar nan da ƙafa take zuwa gona, ba ta san dunƙulen miya ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga sallar asuba, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce. Na duba, bakinsa ya karkace. Bai taɓa cewa kansa na ciwo ba, ko sau ɗaya. Shekara uku ya yi ɓarin jikinsa a shanye. Ni yanzu kullum safe ina shan ƙwayata.

Iyayena mata, tukunya a hannunku take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a ciki ne za a lissafa jibna (cuku mai gishiri) da fasih (kifin gishiri) da dunƙule. Karkade kuwa, wato zoɓo, ku sha abinku ba sukari da yawa, amma ba ya maye gurbin magani. Wanda aka ɗora a kan ƙwaya kada ya bari don ya ji sauƙi.

Mun zo da na'urar awo guda biyu, ɗaya tana wajen mata. Kowa ya zauna ya huta minti biyar kafin a ɗaura masa. Wanda aka samu 140 bisa 90 ko sama, ya tsaya ya gan ni, za mu sake aunawa wata rana kafin a ce komai. Samarin da ke bakin ƙofa, ku ma ku shigo layi, da ku za a fara.