Lacca: Ƙadangare mai ƙaho na Amurka

Jama'a, abubuwa huɗu zan kawo a kan wannan halitta. Na bayan can kuna ji na? To madalla.

Na farko, inda yake. Masana na kiran jinsinsa Phrynosoma, kuma a nahiyar Amurka ta Arewa kaɗai ake samunsa, daga kudancin Kanada har zuwa Meksiko da Gwatamala. Iri-irinsa sun kai wajen 20. Gajere ne, mai faɗin jiki kamar kwaɗo, zai zauna a tafin hannunka. Ƙahonin da ke kansa ƙashi ne na gaske a ciki, sauran ƙayoyin bayansa kuwa ɓawon fata ne kawai. Jihar Texas ta ƙasar Amurka ta ɗauki wani irinsa a matsayin ɗaya daga cikin alamominta a 1993.

Na biyu, abinci. Tururuwa ce abincinsa, irin mai kwasar ƙwayar ciyawa zuwa rami, kuma tana da dafi ƙwarai. Sai ya laɓe a bakin hanyarsu, yana lasa ɗaya bayan ɗaya da harshe. Ba ya taunawa. Wani yauƙi a maƙogwaronsa ke naɗe tururuwar kafin ta harbe shi. Ku riƙe maganar tururuwar nan, za mu dawo kanta.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Jini! Wannan ƙadangaren yana feso jini daga idonsa. Na ga wata baiwar Allah ta rufe fuska, ai ba a zo da shi zauren nan ba, kwantar da hankalinki. Ga yadda abin yake: idan kare ko wani danginsa na daji ya kama shi, sai ya matse jijiyoyin da ke fitar da jini daga kansa. Jini na shiga, ba ya fita. Fatar ido ta kumbura, ƙananan jijiyoyin gefen ido su fashe, jini ya yi tsartuwa, wani lokaci fiye da mita 1. Daga ido, jama'a! Kuma bai makance ba, ya goge ya ci gaba da harkarsa. Kare kuwa sai ya sake shi yana girgiza kai, yana zubar da miyau, domin jinin na ɗauke da wani sinadari mai mugun ɗanɗano da ake dangantawa da tururuwar da yake ci. Kun ga mun dawo kanta. Amma ba kowane iri ke yi ba, kuma tsuntsaye ba su damu da ɗanɗanon ba. Ga shaho, sai dai ya manne da ƙasa ya saje da yashi. Ga maciji, ya kumbura jiki don ya gagari haɗiya.

Na uku, ko na huɗu ne? Ruwa dai. Idan an yi yayyafi sai ya ɗaga baya ya sunkuyar da kai, ruwan ya bi ƴan hanyoyin da ke tsakanin ɓawon fatarsa har bakinsa.

Na'am, malam? Ko za a iya kiwonsa a gida? A'a, don Allah kada a yi. Yana buƙatar tururuwa masu rai da yawa kullum, in babu sai ya rame ya mutu. Kamun da aka riƙa yi don sayarwa na cikin abin da ya rage shi, shi ya sa Texas ta haramta tun 1967. Sannan ga wata jar cinnaka da ta shigo daga Amurka ta Kudu ta tashar jiragen ruwa ta birnin Mobile da ke jihar Alabama wajen 1930, tana korar tururuwarsa. Mutane suka zuba magani don kashe cinnakar, maganin ya haɗa har da tururuwar.