Fitsarin jini da kansar mafitsara: me tiyata ke iya yi?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar mafitsara za mu yi, kuma na san wani zai ce ai fitsarin jini ba baƙon abu bane a wajenmu, duk yaron da ya taso yana wanka a Binuwai nan Garwa ko a gonakin shinkafar Yagwa da Maga ya san tsargiya, har wasu iyayen suna ɗauka alamar balaga ce. To a nan gizo ke saƙar.

Tsutsar tsargiya ta fata take shiga in mutum ya shiga ruwa mai dodon koɗi, sai ta zuba ƙwai a bangon mafitsara, ƙwan nan su maƙale shekara da shekaru wurin yana kumbura yana warkewa yana sake kumbura, har wata rana ya juye ya zama kansa. Tun 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da ke Lyon a Faransa ta sa tsutsar nan cikin abubuwan da tabbas suna kawo kansa. Sai sigari, a Turai da Amurka kusan rabin masu cutar shi ne sila.

Yanzu aikin. In ƙarin kansar yana sama-sama bai shiga naman bango ba, ba a ma yanka ciki, ta hanyar fitsari dokta zai zura ƙarfe mai kyamara ya kankare shi, wani lokaci a riƙa zuba BCG cikin mafitsarar, eh wannan dai BCG ɗin, rigakafin tarin fuka da ake ma jarirai a hannu. Amma yana yawan dawowa, dole a dinga komawa ana leƙawa.

In kuwa ya ci nama to mafitsarar gaba ɗaya ake cirewa, namiji har da furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, mace sau da yawa har da mahaifa, sannan a yanki ƙaramin hanji a yi ma fitsari hanya ya dinga zuba cikin jaka a gefen ciki, ko a ɗinka sabuwar mafitsara da hanjin. Wannan jakar ita ce ke sa dattijo ya ce a mayar da shi gida, yaya zai yi alwala, yaya zai shiga masallaci. Baba, malamai suna da hukuncin mai yoyon fitsari, a tambaye su kafin a ƙi aiki.

Me bincike ya nuna? A Mansura ta Masar, ƙasar da ta sha fama da tsargiya kamar mu, Farfesa Muhammad Ghoneim da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon mutum 2,720 da aka cire musu mafitsara a wani rahoto na 2008, kusan kashi 55 cikin 100 sun kai shekara 5 cutar bata dawo ba. A Kalifoniya an bi mutum 1,054 aka buga a 2001, can kashi 68 ne, amma ku saurari wannan da kyau, waɗanda cutar ta riga ta kai kaluluwa kusan kashi 35 kacal suka samu haka. Asibiti ɗaya, aiki iri ɗaya, bambancin kawai inda cutar ta kai kafin a zo. Wani binciken na 2003 ya nuna in aka fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, kafin yanka, matsakaicin rayuwa ya tashi daga wata 46 zuwa 77, sai dai irin kansar da tsargiya ke kawowa bata cika jin kemo ba, tiyatar ce dai.

Kuma aikin ba wasa bane wallahi, a wani babban asibitin kansa na Niyok kashi 64 sun samu wata matsala cikin kwana 90 bayan aiki.

Saboda haka babban mutum ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne ko babu zafi ko ya tsaya da kansa, kar ya tsaya jiƙo, ya tafi lopital a gwada fitsarin a yi eko, wato hoton ciki, in da hali a leƙa da kyamara. Yara kuma in an zo rabon praziquantel, maganin tsargiya, a makaranta a bar su su sha, su ci abinci tukuna dan kar ya juya musu ciki.