Digirin Kasuwanci: Abin da Ake Koya a Aji da Abin da Ke Jira a Kanti

An ɗauko wannan rubutu daga faifan laccar da wani malamin sashen nazarin kasuwanci ya yi wa sababbin ɗalibai a Kano. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, abokan aikina malamai, da ku 'ya'yanmu sababbin shiga, barkanku da zuwa. Na tsaye a baya ku matso, ga kujeru nan gaba ba kowa.

Wa ya zaɓi wannan kwas da hannunsa a fom ɗin JAMB? A ɗaga hannu in gani. To, madalla. Sauran kuma na san labarinku. Wani lauya ya nema, wani akanta, aka ce ba gurbi, aka turo shi nan. Akwai kuma wanda ya zo don an gaya masa a nan ba a lissafi. Wanda ya gaya maka haka bai yi maka adalci ba. Ba banza aka ce sai kana da kiredit a lissafi da Turanci kafin a ɗauke ka ba. A aji ɗaya za ka haɗu da lissafin kasuwanci da tattalin arziki da akanta, a aji biyu ƙididdiga na jiranka, a aji uku ga sarrafa kuɗi. Shekara huɗu ce ga wanda ya shigo ta jarrabawa, uku ga mai difloma ko NCE, kuma babu shekarar da lambobi za su ƙyale ka.

Akwai tambayar da za a yi muku a gida lokacin hutu, musamman 'ya'yan 'yan kasuwa. Kawu zai ce, yanzu ɗan Kano ne za a sa a aji a koya masa kasuwanci? Alhassan Ɗantata wace jami'a ya yi? Kada ku yi musu da kawu, yana da gaskiyarsa. Ɗantata ya yi fataucin goro daga Gwanja, ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, ba tare da digiri ba. Iya ciniki, sanin fuskar mai saye, sanin lokacin da za a saki kaya da lokacin da za a riƙe, babu malamin da zai koya muku wannan fiye da kasuwannin Kwari ko Singa ko Dawanau.

Amma ku tambayi kawu cikin ladabi: manyan kantunan da ya sani yana yaro, nawa ne ke nan bayan rasuwar masu su? A nan za ku ga ya yi shiru. Abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Alhaji shi ne akanta, shi ne ma'aji, shi ne mai sito. Wanda ake bi bashi da wanda ke bin kanti, duk a kansa suke. Ranar da aka kai shi makwanci, masu bin bashi su zo da shaidu, waɗanda ake bi su yi lamo. A raba gado, kowa ya ɗauki rabonsa, suna ya ɓace. To aikin wannan sashe shi ne fitar da kasuwanci daga cikin kan mutum ɗaya zuwa takarda da tsari, yadda zai tsaya ko maigida yana nan ko ba ya nan. Kuma ku lura, tattaɓa-kunnen Ɗantata ɗin, Aliko Ɗangote, kasuwanci ya karanta a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, kuma gidauniyarsa ce ta gina wa makarantar kasuwanci ta Jami'ar Bayero mazauni a 2018.

Bari mu yi lissafi ɗaya tare, ku fito da biro. A ce ka sari buhun shinkafa ɗari, kowanne naira 60,000. Ka sayar a 66,000. Ribarka nawa? Na ji an ce 600,000. Haka yaron kanti zai ce, ya je ya yi wa maigida albishir. To cire kuɗin mota da na 'yan dako. Cire hayar sito. Cire buhu biyu da ruwa ya taɓa. Sannan buhu talatin bashi aka ɗauka, an ce sai an yi albashi, wato a littafi kana da riba, a aljihu babu. Yanzu ka koma sari, ka tarar buhu ya zama 70,000. Kuɗin da ke hannunka ba zai sayi buhu ɗari ba, ko saba'in ma ba zai saya ba. Ka yi ciniki, mutane na ganin kanti cike da jama'a suna cewa Allah ya buɗa masa, alhali uwar kuɗi ce ke narkewa. Wannan ba tatsuniya ba ce. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma 'yan kasuwa da yawa haka jarinsu ya zube suna murnar ciniki.

Ciniki daban, riba daban, tsabar kuɗi a hannu daban. In kun fita daga nan bayan shekara huɗu kuna iya raba waɗannan ukun a kan takarda, ba ku yi asarar kuɗin makaranta ba. Tsarin da ake yin hakan, wato kowane kuɗi a rubuta inda ya fito da inda ya shiga, tun 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa shi a birnin Banis. Mu kuma tun kafin nan an umarce mu a ƙarshen Suratul Baƙara cewa in mun ƙulla bashi mu rubuta, kuma ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Amma har yau a kasuwa in ka ce wa mutum ya sa hannu, sai ya ce ba ka yarda da shi ba ne.

Yanzu laifinmu mu malamai. Yawancin littattafan da muke ba ku a Amurka da Ingila aka rubuta su. Misalansu na kamfanonin da ba su san ɗauke wuta ba ne, ba su san kuɗin dizal ba, ba su san shingen hanya tsakanin Legas da Kano ba. Ka je Sharaɗa ko Bompai ka ga masana'antun da aka garƙame, ba ƙarancin ilimin talla ne ya rufe su ba. Saboda haka nake ba ku shawara ɗaya, kuma ita ce ta kawo ni. Tun daga wannan zangon, kowa ya nemi sana'a guda ta gaske ya maƙale mata: kantin babanka, gidan burodin unguwa, mai POS na bakin get, ko yayarki mai sayar da atamfa ta WhatsApp. Ka roƙi izini ka riƙa rubuta musu shiga da fita. In an koya maka ƙididdigar kaya, ka je ka ƙirga nasu. In an koya maka dokar kasuwanci, ka duba ko sun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, abin da a da sai mutum biyu, kuma da yawa a kasuwa ba su da labari.

Wanda ya yi haka, in ya kai aji huɗu furojet ɗinsa na hannu. Ba sai ya zauna a hostel ya cike takardun tambayoyi ɗari da biro kala uku ba. E, ku yi dariya, mun san ana yi, kuma muna ganewa.

Maganar maki a taƙaice. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Aji ɗaya ne ya fi saukin tara maki, kuma shi ake wasa da shi. Mai sha'awar akanta ya fara tunanin jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, tun kafin bautar ƙasa.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wata ɗaliba ta ce mahaifinta yana tsoron kwas ɗin zai kai ta aikin banki mai kuɗin ruwa, me za ta gaya masa?

Malam ya ce: 'Yata, ki gaishe da Baba, ki ce masa damuwarsa a kan hanya take. Za a koya miki yadda ake lissafin kuɗin ruwa, wannan ba makawa, domin ba za ki gane rahoton Babban Banki ba sai da shi. Amma sanin abu daban, cinsa daban. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu sun biyo bayansa, Gwamnatin Tarayya ma tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 2017 tana gina hanyoyi da shi. A Jami'ar Bayero akwai cibiya guda ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Murabaha, wato sayar da kaya da ribar da aka amince, da mudaraba, wato wani ya sa jari wani ya juya a raba riba, duk lissafi suke buƙata, kuma masu haɗa fiƙihun da lissafin ba su da yawa. In Baba yana da kanti, ki fara da littafin bashinsa a hutun nan. Saura tambaya ɗaya, an kusa kiran la'asar.